Kunnen Kawu Apelis

Duk wanda ya taɓa hawa motar haya tsakanin Rabaul da Kokopo a wancan zamani ya san Apelis ToKiala. Ko bai san sunansa ba, ya san farar bas ɗinsa mai shuɗin layi a gefe, wadda ake jiyo kiɗanta kafin a hango ta. Ƙanen mahaifiyata ne. Tun da na fara kai gwaza da ayaba kasuwa, kujerar da ke bayan direba tawa ce, saboda haka rabin abin da zan faɗa a ƙeyarsa na gan shi.

Gajere ne mai faɗin ƙirji, kullum da tawul a wuya, bakinsa jawur da buai, goron da muke taunawa. Ba shi da yawan faɗa. Kana iya taka masa ƙafa ya ba ka haƙuri. Abu guda ne ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kai, shi ne kiɗa.

Mawaƙa biyu ne a duniyar Kawu. Na farko ToMirir, mai ƙungiyar da ake kira 'Yan Kwalekwale, masu jita huɗu da muryoyi sirara kamar na mata. Na biyu makaho Ereman, wanda yake zama a bakin kasuwar Rabaul da tsohuwar jitarsa yana waƙa shi kaɗai. Duk wata waƙa da ta fito, a kan waɗannan biyun yake auna ta.

Amma yana da adalcinsa. In fasinja ya miƙo kaset ya ce a saka, sai ya karɓa ya saka. Ba ya katsewa. Sai waƙar ta kai ƙarshe, sannan ya zaro kaset ɗin ya miƙa ta saman kafaɗarsa ba tare da ya waiwayo ba.

"Yaya ka ji, direba?" in ji mai kaset.

"Na ji dai. Kiɗa ne, ko kwanuka ne suka zubo daga kan kanta?"

Mota ta ɗauki dariya. Wani ya ce, "Kai ToKiala, duniya ta ci gaba fa!"

"Ta ci gaba ta bar kunnenta a baya," in ji Kawu, ya mayar da ToMirir.

Akwai wata waƙar ToMirir da ya fi ƙauna, ta wani kwalekwale da ya fita da safe bai dawo ba. Kowa ya san labarinta: ƙanen ToMirir ne ya tafi kamun kifi, teku ta haɗiye shi. In ta zo, Kawu yakan rage gudu, ko da fasinjoji suna sauri. Ba a hira a motarsa sai ta ƙare. A wajen rawar da ToMirir ya yi kiɗa a ƙauyenmu Talwat ya fara ganin IaRelvi, wadda ya aura. Ita ma tana da murya, tana cikin mawaƙan coci, amma takan ce ita ba ta isa ta yi waƙa a gida ba, don akwai alƙali a tsakar gida. Ɗa guda suka samu, Misiel.

Ranar da dutse ya yi aman wuta, tun jajibirin ƙasa take girgiza. Kawu ya yi ta kwasar mutane zuwa Kokopo, ya sauke ya koma, ya sauke ya koma, har toka ta rufe hanya. Bai samu ya shiga gidansa ba. Da aka bari muka je duba Talwat bayan wasu watanni, ko rufin gida ba mu gani ba, sai kawunan bishiyoyin kwakwa a ƙone. Akwatin kaset-kaset ɗinsa, waɗanda ya tara tun yana saurayi, yana can ƙarƙashi. Abin da ya rage masa 'yan kaɗan ne da ke cikin motar.

Makaho Ereman bai daɗe ba a sansanin da aka tara mu ya rasu. An ce tari ne. Kawu ya ce ba tari ba ne, mutum ne da ya haddace gari da tafin ƙafarsa aka wayi gari babu garin. 'Yan Kwalekwale suka watse, ToMirir ya koma tsibirin iyayensa.

Mu kuma aka ba mu filaye a Gelagela, can cikin tudu, inda ba a jin ko warin teku. Mutanen da suka tashi da kifi suka koma koyon shukar koko. IaRelvi ba ta taɓa sabawa ba. Ta rame a hankali, ta daina zuwa waƙar coci, wata damina ta kwanta ba ta tashi ba. Bayan rasuwarta kaset-kaset ɗin Kawu suka fara tsinkewa don tsufa. Da sauran jan farcenta yake manne su. Muryar ToMirir ta koma tana rawa tana jan ƙafa, amma bai daina sakawa ba.

Misiel ya taso da muryar mahaifiyarsa. Jita kuwa a wajen uban ya koya, da duka da tsawa. Da ya zama saurayi ya haɗa kai da abokansa na sansani, suka samo fiyano mai lantarki da manyan lasifikoki, suka sa wa kansu suna Baƙar Toka. Kawu bai hana ba. Ya ce wasan yara ne, zai wuce.

Bai wuce ba. Kafin a ankara, babu shagon da ba a jin su, babu motar da ba ta saka su, in ban da guda ɗaya. Waƙar da ta ɗaga su kuwa ita ce ta kwalekwalen ToMirir. Sun ƙara mata sauri, sun zuba mata ganga mai dukan ƙirji.

Ina wurin ranar da Kawu ya fara jin ta. Ya tsaya a kasuwar Kokopo yana taya ni sauke kaya, sai wani mai shago ya ƙure lasifika. 'Yan matan da ke sayar da gyaɗa suka miƙe suna karkaɗa ƙugu suna shewa. Kawu ya tsaya da damin ayaba a kafaɗa. Bai sauke ba, bai motsa ba, har waƙar ta ƙare. Sannan ya ajiye ayabar a hankali ya ce mini, "Rawa suke yi a kan gawa."

Da yamma ya sami Misiel a gindin mangwaro yana gyaran wayar jita.

"Wa ya ba ka waƙar nan?"

"Baba, ai ka ji ta ke nan! Yaya ka gani?"

"Tambayarka na yi."

"Waƙar mutanenmu ce. Yaran yanzu ba su san ta ba, Baba. Yanzu kuwa har a babban birni Mosbi ana rera ta."

"Ana rera ta ko ana tsalle a kanta? Mutum ya rasa ɗan'uwansa, ya zauna ya yi kuka da jita, kai ka mayar da kukan abin kaɗa ɗuwawu."

Misiel ya buɗe baki zai yi magana, sai ya fasa. Ya ce, "Ka saurari sauran waƙoƙin mana. Akwai wadda na yi wa Inna."

"Na ji guda, ta ishe ni."

Shi ne karo na farko da na ga Kawu ya yanke hukunci bai saurara har ƙarshe ba.

A shekarar aka shirya gasar makaɗa a filin Kokopo. Masu shiryawa suka sa Kawu cikin alƙalai, don kowa ya san kunnensa. Na roƙe shi kada ya karɓa. Na ce, "Kawu, ɗanka yana ciki. In ka yaba a ce son kai, in ka kushe a ce baƙin ciki." Ya ce shi ba ɗansa zai saurara ba, kiɗa zai saurara. Ya sa farar rigarsa ta zuwa coci ya tafi.

Rana tsaka Baƙar Toka suka hau dandamali, fili ya rikice. Da suka gama, mai gabatarwa ya zo da dariyarsa ya tura wa Kawu makirufo a baki.

"Jama'a, ga uban gayya! Baba ToKiala, faɗa mana, ɗanka ya gaje ka ko ya wuce ka?"

Da ya yi murmushi ya ce sun yi ƙoƙari, da shi ke nan. Amma Kawu bai iya wannan ba. Ya karɓi makirufon da hannu biyu.

"Yaran suna da ƙarfi," ya ce. "Injinsu ma yana da ƙarfi. Amma na ji ToMirir da kunnena, na ji Ereman. Ereman da igiya biyar yake kiɗa, don ta shida ta tsinke, kuma sai ka ga ƙato ya ajiye kayansa yana share hawaye. Waɗannan in aka ɗauke wuta, me ya rage? Waƙa guda mai kyau suke da ita, ita ma ba tasu ba ce, kuma sun lalata ta."

Sai ihu ya ɓarke. Wasu suna dariya, wasu suna jifa da ɓawon buai. Wani ya ɗaga murya ya ce, "A mayar da tsoho cikin toka!" Ni Misiel nake kallo. Yana tsaye riƙe da jitarsa, yana murmushin da ba na murmushi ba.

Sauran alƙalan suka rinjaye shi, Baƙar Toka suka ci gasar. Bayan 'yan makonni aka gayyace su Mosbi. Misiel ya zo rumfata ya yi mini sallama. Uban kuwa a bakin fasinjoji ya ji.

Kawu bai nuna komai ba. Amma na lura ya fara maimaita maganar shi kaɗai, yana tuƙi yana cewa, "Ai gaskiya na faɗa." Ba wanda ya tambaye shi. Da abin ya ishe shi ya ce in raka shi tsibiri wajen ToMirir. Ya ce yana so ya ba shi haƙuri a madadin ɗansa. Ni na san shaida yake nema.

Muka hau jirgin ruwa mai inji da safe, da kaza da damin buai na gaisuwa. Muka tarar da ToMirir a kwance a tabarma a bakin ruwa. Ciwon suga ya sa an yanke masa ƙafa guda. Ya tsufa ƙwarai, haƙora sun zube, amma idon nan yana ƙyalli. Ya gane Kawu nan take.

"Direba! Kai ne? Har yanzu kana kashe mutane da tsofaffin waƙoƙina?"

Kawu ya durƙusa ya gaishe shi kamar yana gaban babban fasto. Bayan an tauna buai ya sunkuyar da kai ya ce, "Babba, na zo ne a kan abin da yarona ya yi. Ya taɓa waƙar ƙanenka. Ban san da shi ba, da na hana."

"Wane ƙane?"

"Wanda teku ta ci."

ToMirir ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Jikarsa ta kawo masa ruwa.

"Direba, ni kaɗai ne namiji a ɗakinmu. Kwalekwalen surukina ne. Na ara, na sha giya, na manta ban ɗaure ba, igiyar ruwa ta tafi da shi. Tsohon ya hana ni matata wata guda. Shi ne na zauna na yi waƙar, ko zai ji tausayina. Da ta fita sai na ji mutane suna cewa ƙanena ne ya nutse. Na ga suna kuka, na ce to, wa zai hana mutum kukansa?"

Kawu ya ɗago kansa.

"Karin ma ba nawa ba ne," in ji ToMirir. "Na matan da ke kukan mutuwa ne. Gwaggona har ta mutu ba ta yafe mini ba, ta ce na ɗora kukan kakanni a kan katakon Turawa. Ɗanka kuwa ya zo nan kafin su buga. Ya kawo mini kifi, ya kwana biyu, ya nemi izini. Yaro mai ladabi. Bai faɗa maka ba?"

"Bai faɗa ba."

"Ko kai ne ba ka bari ya faɗa ba?"

Kawu ya share wuyansa da tawul. Can ya ce, "To amma tsakani da Allah, Babba, wacce ta fi? Taka ko tasu?"

"Tasu mana! Ka ji muryar yaron nan? Ni ai kamar akuya nake da an taka mata wutsiya. Da muna da fiyanon nan a zamaninmu, ka ɗauka za mu tsaya muna yanka yatsunmu da waya?"

"A'a," in ji Kawu. Muryarsa ta ɗaga. "A'a. Ba ka san abin da kake faɗa ba. Wajen da muryarka take karyewa a baiti na ƙarshe, babu wanda zai iya yin haka. Babu!"

"Mura nake yi ranar."

"Ko me kake yi. Ni na san abin da na ji."

Na zauna ina kallon kawuna yana kare ToMirir daga bakin ToMirir, jijiyoyin wuyansa a tashe, idonsa ya kawo ruwa. Tsohon ya daina dariya. Ya dafa gwiwar Kawu ya ce, "To, direba. Ka fi ni sani. Kai ka saurare ta, ni rerawa kawai na yi."

Muka kamo hanyar dawowa. Da muka wuce saitin Talwat, Kawu ya juya baya.

Daga nan motarsa ta yi shiru. Fasinjoji suna tambaya ko rediyon ya lalace, ya ce e. Haka aka daɗe, shekaru ma, ba wata ba. ToMirir ya rasu a tsakani, Kawu bai je jana'iza ba. Misiel yana aiko mini da gaisuwa jefi-jefi, ba ya tambayar uban, ni ma ba na kawo zancen.

Wata rana da azahar, kasuwa ta yi sanyi, Kawu ya leƙo rumfata ya ce, "Kina da kaset ɗin yaran nan?" Da ƙyar na tono shi a ƙasan akwati. Ya ja motar gindin wata bishiya, ya kashe inji, ya saka. Na zauna a kujerata. Ya saurara tun daga farko, ya juya ɗaya gefen. Wasu wuraren yana yamutsa fuska. Sai aka zo wata waƙa mai sanyi, kusa da ƙarshe. A kan wata mata ce da aka kai tudu, take hawa kan suri da yamma ko za ta hango ruwa. Misiel bai ambaci suna ba.

Kawu ya kifa goshinsa a kan sitiyari. Da ta ƙare ya mayar da ita baya, ya sake ji.

"Haka take yi?" ya tambaye ni. "Tana hawa suri?"

"Kullum, Kawu. Kai kana hanya."

Ya ɗago daga kan sitiyarin. Sannan ya ce, "Sauran duk hayaniya ce, ban canja ba. Amma wannan, Ereman ma zai tsaya ya ji."

Washegari ya fara saka kaset ɗin a mota. Sai dai zamani ya riga ya juya. Yara sun koma jin waƙa a wayoyinsu, an yi sababbin mawaƙa, an manta da Baƙar Toka. 'Yan makaranta suka shigo suka ji, suka fashe da dariya.

"Kaka, don Allah cire mana wannan tsohon yayi! Wa yake jin waɗannan yanzu?"

"Ku yi shiru ku saurara," in ji Kawu. "Ɗana ne."

"Ayya, sannu," in ji wata yarinya, ta toshe kunnenta da abin sauraronta.

Ni na matsa masa ya yi magana da Misiel. Na san ƙungiyar ta daɗe da watsewa, Misiel yana gadin wani kanti a Mosbi, ya yi aure, yana da 'ya. Ran Lahadi bayan coci na kira shi, na ce ga babanka, na miƙa wayar. Kawu ya riƙe ta nesa da kunne kamar za ta cije shi, don haka ina jin komai.

"Misiel."

"Na'am, Baba."

"Kuna lafiya? Yarinyar fa?"

"Lafiya lau."

Na yi masa alama da hannu ya ci gaba.

"Na ji waƙar mahaifiyarka," ya ce. "Ta yi. Ta yi ƙwarai." Da ya tsaya a nan. Amma sai na ga bakinsa yana motsi, na san abin da ke tafe, ban kuma isa in tare shi ba. "Sai dai fiyanon ya yi yawa a tsakiya. Da ka bar muryar ita kaɗai."

Can ɗaya gefen na ji Misiel ya yi 'yar dariya ta hanci.

"To, Baba. Na gode. Ai na daina kiɗa, na sayar da jitar."

"Don me?"

"Haka nan. Baba, ana kirana, sai an jima."

Kawu ya miƙo mini wayar. Ya ce, "Me na faɗa kuma? Ai yabawa na yi." Na ce e, yabawa ka yi. Ya zauna a bakin ƙofa yana kallon bishiyoyin koko har aka kira shi cin abinci.

Ba su sake magana mai tsawo ba. Bayan shekara biyu idon Kawu ya yi hazo, dole ya bar tuƙi. Ya koma zaman gida a Gelagela, ya rage fita, ya rage cin abinci. Ya rasu da sassafe a cikin damina, ina dama masa koko.

Misiel bai samu jirgi ba sai bayan an binne. Ya iso da 'yarsa, yarinya mai gajarta da faɗin ƙirji irin na kakanta, duk wanda ya gan ta sai ya kama baki. Muka raka shi kabari. Fasto ya ce, tun da mawaƙi ne, ko zai ja mana waƙa guda. Misiel ya girgiza kai ya ce maƙogwaronsa ba daɗi. Matan coci suka ja, shi yana tsaye da hannu a aljihu.

Ya yi kwanaki kaɗan, ya taya ni sassabe gonar, ya gyara rufin kicin. Ranar komawa na raka su filin jirgi na Tokua. Muna jira ya tambaye ni ko uban ya sha wahala a ƙarshe. Na ce bai sha ba, barci ya yi. Ya gyaɗa kai, ya ɗauki 'yarsa da ta fara gyangyaɗi ya saɓa a kafaɗa. Ya ce in Allah ya yarda za su dawo da Kirsimeti. Ba su samu zuwa ba.